Waɗanne littattafan bayani za mu zuba wa yara a ɗakin karatu?

Tambaya: Wata malamar lakol daga birnin Tawa ta rubuto cewa makarantarsu ta samu ɗaki guda da za a mai da shi ɗakin karatu. An ba su kwalaye shida na littattafan kyauta daga waje, kwamitin iyayen yara kuma ya tara jika ɗari uku. Tatsuniyoyi da ƙagaggun labarai ba su dame ta ba, ta san inda za ta samo su. Abin da take so shi ne a ba ta sunayen littattafan bayani, na kimiyya da tarihi da labarin ƙasa da lafiya, waɗanda suka dace da yara daga CE1 zuwa CM2, wato aji uku zuwa aji shida na firamare.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka wa iyayen nan da alheri. A wannan marra da buhun hatsi ke wuyar saye, mutanen da suka cire jika ɗari uku don ƴaƴansu su yi karatu sun cancanci a kashe musu kuɗin nan da lura.

Jerin sunayen da kika nema ba zan ba ki ba, kuma ba rowa ba ce. Shekarun da na yi ina aikin ɗakin karatu a nan Yamai sun nuna mini littafin yara ba ya daɗewa a kasuwarmu. A buga shi sau ɗaya, ko ɗan kasuwa ya shigo da kwali guda, ya ƙare, sai kuma wani daban. In na rubuta miki ashirin, kika zo kika zaga shaguna da masu baza littattafai a ƙasa gefen Babbar Kasuwa, da wuya ki koma Tawa da rabinsu. Abin da zai amfane ki shi ne ki iya ɗaukar kowane littafi a hannu, ki juya shi ɗan lokaci, ki gane ko ya cancanci hawa kanta ko bai cancanta ba. Shi zan yi ƙoƙarin nuna miki, tare da fannonin da nake ganin yaran yankinku na Adar suka fi buƙata.

Kada ki taɓa kuɗin tukuna. Fara da kwalayen nan shida, ki zazzage su a tabarma, domin sai kin san abin da ke hannu za ki san abin da ya rage a saya. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ko ta shekara ɗari tana nan da daɗinta. Littafin bayani kuwa kamar magani yake, yana da ranar lalacewa, sai dai shi ba a rubuta masa ita a jiki ba. Don haka abu na farko, nemi shekarar da aka buga shi, tana bayan shafin farko ko a can ƙarshe cikin ƙananan harufa. Daga nan sai ki gwada shi da abin da kika sani. In littafin taswira ne, buɗe shafin Afirka. Kin ga Haute-Volta a maƙwabtanmu? Tun 1984 ta zama Burkina Faso. Kin ga Zayar? Sunan ya tafi a 1997. Sudan tana nan guda ɗaya ba a raba ba? To an buga shi kafin 2011. In na sararin samaniya ne, ƙirga duniyoyin da ke kewaya rana: tun 2006 masana suka fitar da Fuluto daga sahu, takwas ake ƙirgawa yanzu ba tara ba. Na ƙasarmu ma haka. Ƙidayar 1988 ta samu mutum miliyan 7 da ɗoriya, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 miliyan 17, taken ƙasa kuma an sauya shi a 2023. Yaron da ya haddace tsohon adadi ya rubuta shi ranar jarrabawa, ɗakin karatu ne ya cuce shi.

Ba ina nufin duk tsohon littafi a jefar ba. Yadda tururuwa ke gina gidanta, yadda wata ke cika yana raguwa, yadda iri ke tsirowa, waɗannan ba sa tsufa da wuri. In littafi mai kyau ne, kuskurensa kuma wuri ɗaya ne ko biyu, rubuta gyaran a ƴar takarda da shekarar da abin ya canza, ki liƙa a gefen shafin. Yara na son irin wannan gyara ƙwarai, daga nan suke fara gane cewa ilimi ma ana sabunta shi.

Wurin da ba na sassauci ko kaɗan shi ne littafin lafiya da na taimakon gaggawa. Akwai tsofaffin littattafai da har yanzu ke cewa a sha nibakin in zazzaɓin cizon sauro ya kama mutum, alhali an daɗe da barin shi saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa. Akwai masu cewa in maciji ya sari mutum a ɗaure wurin tamau, a tsaga, a tsotse dafin. Likitoci yanzu sun hana wannan duka, abin da ake so shi ne a kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a garzaya da shi gidan likita. Yaron CM2 a ƙauye shi ne mai karatun gidansu, abin da ya karanta shi zai faɗa wa uwarsa, ita kuma ta yarda domin daga littafi ya fito. Duk littafin lafiya da ya haura shekara goma, kai wa ma'aikacin likitar unguwarku ya duba kafin ya hau kanta. In ya ce a'a, fitar da shi daga makarantar gaba ɗaya, kada ki ba wani kyauta.

Na tarihi kuma ki karanta yadda suke maganarmu. Littafin da ya ce Mungo Park ne ya gano kogin Kwara a 1796 ya manta da Sorkawa da suka shekara ɗaruruwa suna su a cikinsa. Wanda ya kira yaƙin mamaya da sunan kawo zaman lafiya, yaron Ƙonni da kakanninsa suka ga abin da rundunar Voulet da Chanoine ta yi wa garinsu a 1899 bai kamata a miƙa masa shi a matsayin gaskiya ba. Za ki ji masu cewa da babu gara ba daɗi, kyauta ce, a bar su duka. Ni ban yarda da wannan ba a ɗakin karatun yara. Kanta mai littafi ɗari da ake karantawa ta fi mai dubu da yaro zai laluba ya gaji bai samu nasa ba, kuma yaron da ya shigo sau biyu ya fita hannu wofi ba ya dawowa na uku. In rabin kwalayen nan suka tafi, kada ranki ya ɓaci. Sau da yawa abin da ke ciki littattafan manyan makarantun wata ƙasa ne, ko na wasan kan dusar ƙanƙara, ko na kiwon dawakin sha'awa.

Sai maganar ko yaron zai iya karantawa, wadda a ganina nan aka fi yin asarar kuɗi. Shekarun da aka rubuta a bangon littafin da ya fito daga Faransa an auna su ne da yaron da aka haifa cikin Faransanci, yake jin sa a gida da kasuwa. Namu ya fara jin sa ne ranar da ya shiga CI, ajin farko. Binciken PASEC na 2014, mai auna karatun ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna cikin yara goma da ke gama firamare a Nijar ko ɗaya bai cika kaiwa matakin karatun da ake buƙata ba, a na 2019 abin ya ƙaru zuwa kusan uku cikin goma. An ci gaba, amma har yanzu mafi yawan masu shigowa ɗakinki karatu na yi musu nauyi. Saboda haka littafin da aka rubuta wa ɗan shekara bakwai a can, a nan sau da yawa ɗan CM1 ne zai ji daɗinsa, kuma babu abin kunya a ciki, muddin hotunan ba na jarirai ba ne.

Ga yadda nake gwadawa, ke ma ki yi haka kafin ki sayi da yawa. Kira yarinya ƴar CE2, ba ta ɗaya a aji ba, ba ta ƙarshe ba. Buɗe mata tsakiyar littafin ta karanta shafi guda a bayyane, duk kalmar da ta cije mata ta naɗe yatsa ɗaya. In hannun ya dunƙule kafin shafin ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinta ita kaɗai, sai dai a karanta mata. In yatsa biyu ko uku ta naɗe, daidai ne. Sannan ki rufe littafin ki tambaye ta da Hausa: me shafin nan ya ce? Nan ne gaskiya ke fitowa. Akwai yaran da za su zuba miki Faransanci tiryan-tiryan, ki tambaye su ma'ana su sunkuyar da kai. Akwai kuma wadda za ta yi ta tuntuɓe da kalmomi, amma ta ɗago ta ce, "Malama, wai raƙumi ba ruwa ne a tozonsa ba, kitse ne." Wannan ta karanta.

Ki duba hotuna da idon basira, domin su yaro ke fara karantawa kafin harufa. Hoto ya zama yana bayani, ba ado kawai ba, a ƙarƙashinsa da ɗan rubutu gajere. A nuna girman abu kusa da mutum ko hannu. In aka zana sauro ya cika shafi, giwa kuma a lungu ƴar mitsitsiya, ƙaramin yaro na iya rikicewa. Shafin da aka cushe da akwatunan rubutu goma masu launi daban-daban yana burge babba a shago, amma mai koyon karatu bai san ta inda zai fara ba. Ga ƴan CM kuwa, nemi masu jerin abin da ke ciki a gaba da jerin kalmomi bisa harufa a baya, ki koya musu neman abu da kansu. Wannan dabara za ta bi su har koleji.

Harshe fa? Ina roƙon ki ware kaso mai kauri na littattafan Hausa. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram, dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma, kundin da aka sa wa hannu a Maris 2025 kuma ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Duk da haka littafin kimiyya na yara da Hausa ƙalilan ne, shi ya sa duk wanda kika gani mai kyau ki saya fiye da ɗaya. Waɗanda aka buga a Zariya da Kano suna da amfani, sai dai ki faɗa wa yara tun farko cewa harafin da muke rubutawa da ƙugiya a ƴaƴa su da ɗan waƙafi suke rubuta shi, kuma za su gamu da kalmomin da aka aro daga Ingilishi inda mu muka aro daga Faransanci. Cikin mako ɗaya suke sabawa. Tawa kuma ba Hausawa kaɗai ba ne: akwai ƴaƴan Buzaye da Fulani da Larabawa daga Abalak da Cintabaradan da Tasara, ko ƴan ƙananan littattafai ne da Tamajak da Fulfulde a samu a kanta. Ga kuma yaran da suka fi sakewa da Larabci saboda makarantar allo da madarasa. Littafin dabbobi ko na taurari da Larabci mai wasali zai jawo su ɗakin. Ƙamus na Hausa da Faransanci da ƙamus na yara mai hotuna, waɗannan biyu kada a rasa su ko da za a rasa komai.

Yanzu fannoni. Ra'ayina shi ne littafin bayani na farko da yaro zai riƙe ya zama yana magana kan abin da zai fita ƙofar lakol ya gani da idonsa. In ya karanta, ya fita ya tarar haka abin yake, daga ranar ya yarda da littafi, zai kuma bi shi zuwa wuraren da bai taɓa zuwa ba. Ku a Adar Allah ya ba ku abin karantawa a ko'ina.

Ɗauki itace da ƙasa. Me ya sa gawo ke zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, kuma hatsin da ke gindinsa ya fi na fili kyau? Me ya sa ake haƙa tassa da rabin wata a fako? Aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984 da taimakon Italiya, wanda mata suka ɗauki mafi yawan duwatsunsa a ka, kakannin ɗalibanki ne suka yi shi. Layukan bedi masu tare iska a kwarin Majiya tun 1975 aka fara dasa su. Sassaben zamani da ya taso daga Maraɗi a farkon shekarun 1980 ya maido da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5, har ƙasashen waje na zuwa koyo. Albasar Galmi ana cin ta har Abijan da Akara. Duk littafin da ya yi bayanin iri, taki, ruwan ƙarƙashin ƙasa, zaizaya, fara da jan baki, ki ɗauka. Littafin Turai zai ce shekara kashi huɗu ce har da lokacin ƙanƙara. Ba laifi yaro ya san haka, amma a samu wanda ya san damina da kaka da ɗari da bazara, ya san shamuwa ce ke yi mana albishir da ruwa.

Dabbobi su ne ƙofar da yawancin yara ke shigowa ta ita, maza da mata. A fara da na gida, raƙumi da jaki da akuya da zabo, sannan na dajinmu. Raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, su ne suka rage a Afirka ta Yamma gaba ɗaya. A 1996 ba su wuce hamsin ba, aka kare su, yanzu sun haura ɗari shida, har an kai wasu Gadabeji a 2018. Ga gandun dajin W da giwaye da ɓauna, ga dorina a kogi.

Sai dinozor, manyan dabbobin nan da suka shuɗe tun kafin a yi mutane. Ban taɓa ganin ɗakin karatun da littafinsu ya kwana a kanta ba. Amma kusan duk waɗanda ake shigowa da su na Amurka suke nunawa, yaranmu ba su san ƙasarsu na cikin wuraren da masana suka fi daraja a duniya kan wannan fanni ba. A Gadufawa cikin Tenere aka tono Ouranosaurus, wanda Philippe Taquet ya bayyana a 1976, can kuma aka samo Nigersaurus mai haƙora sama da 500, wanda ya ɗauki sunan ƙasar nan. Jobaria daga yankin Ingal ya fito, sunansa daga wata halitta ta tatsuniyar Buzaye. Ƙasusuwan irin waɗannan da na wani ƙaton kada na zamanin suna nan a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. In kika samu littafin dinozor mai kyau wanda bai ambaci namu ba, saya, ki ƙara masa shafi biyu da hannunki. Kuma ba sai an je Tenere ba. Duwatsun Adar kansu na ɗauke da ƙwanson halittun ruwa da suka zama dutse, domin teku ta taɓa rufe yankin, farin dutsen da ake siminti da shi a Malbaza ma a ƙarƙashin wannan teku ya taru. Ki sa yara su tsinto irin waɗannan duwatsu, a jera su a faranti kusa da littafin, a rubuta inda aka samo kowanne. Gani ya kori ji.

Sararin sama ba ya buƙatar kayan aiki a garin da dare ke da duhu. Littafi ɗaya ko biyu kan rana da wata da husufi sun isa, ki haɗa da sunayen da yara suka riga suka sani, Kaza da ƴaƴanta, Zara, Gamzaki. Iyayensu da yawa sun ga husufin rana na 29 ga Maris 2006 da ya ratsa Nijar, a tura su su tambayo a gida.

Akwai fannin da malamai ke mantawa, shi ne na yadda abubuwa ke aiki: injin ban ruwa, moto, farantin sola da batir, wayar salula, famfo, keken ɗinki. Yaron da ake cewa ba ya son karatu, sau da yawa shi ne wanda ke yini a garejin babansa ko a garkar albasa. Miƙa masa littafin da aka tsaga inji biyu aka nuna cikinsa, ki ga yadda zai zauna. A nan ne ya dace su ji labarin Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, masanin kimiyyar da ya yi aiki kan ƙarfin hasken rana tun ana ganin abin kamar mafarki, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. Kuma kada a ce wannan kantar ta maza ce. Ƴan mata su taɓa, su ara.

Tarihi da rayuwar mutane: Kanta na Kabi, sarakunan Gobir, Agabba da sarautar Adar a Illela, Sarauniya Mangu a Lugu a 1899, Kawusan da ya kewaye Agadas daga ƙarshen 1916, maido babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, kafa jamhuriya a 18 ga Disamba 1958 da samun ƴancin kai a 3 ga Agusta 1960. Mafi yawan abin da aka rubuta kan waɗannan na manya ne, kamar binciken Farfesa Jibo Hamani kan tarihin Adar, wanda jami'arku ta Tawa ke amsa sunansa. Irin wannan ki ajiye wa malamai guda ɗaya, su karanta su sauƙaƙa wa yara. Kada tarihi ya tsaya kan sarakuna da yaƙi. Masallacin Yama da magini Falke Barmu ya fara a 1962 da laka, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, a jiharku yake. A Dandaji an mai da tsohon masallaci ɗakin karatu a 2018, ya kamata ki je ki gani da idonki. Kokowar takobi ta ƙasa a Tawa aka fara ta a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Littafin kokowa ko na ƙwallo kada ki raina shi, karatu ne.

Bayan wannan duka, a buɗe musu taga. Yaron da bai taɓa ganin teku ba yana da haƙƙin sanin kifin da ya fi motar ɗaukar kaya girma, da dutse mai aman wuta, da ƙasashen da rana ke yin watanni ba ta faɗi ba. A nan littattafan waje ke da ranarsu. Taswirar duniya sabuwa da ta Nijar a bango, da ƙwallon duniya guda ɗaya in kuɗi sun kai.

Na jikin mutum ki yi shawara kafin ki baje. Narkewar abinci, jini, haƙora, wanke hannu, tsargiya da ake ɗauka a tabki, sanƙarau, allurar rigakafi, babu mai ja da waɗannan. Amma na balaga da haila da masu zanen tsiraici, kira uwaye biyu ko uku daga kwamiti da malamin addini ku duba tare. Ƴan matan CM2 suna buƙatar wannan bayani ƙwarai, bai kamata a hana su ba. Ajiye littafin a teburinki, malama mace ta karanta da su. Hoto ɗaya da ya ɓata wa uba rai na iya sa a hana yaran unguwa guda shiga ɗakin. Ki kuma lura da ƴan littattafan wa'azin da ake cusawa cikin kwalayen kyauta da bangon kimiyya.

Inda za a samu: a Yamai ki tambayi kamfanin Gashingo da ke buga littattafan yara da harsunan ƙasa, ki leƙa INDRAP, cibiyar gwamnati mai shirya littattafan makaranta. Akwai masu buga na yara a maƙwabta, irin su Ruisseaux d'Afrique a Kwatano da Donniya a Bamako, hotunansu sun fi kama da gidajenmu, kuɗinsu ma yakan fi sauƙi. Ki tuna littafin yuro 12 ya kusa jika takwas tun kafin a sa kuɗin dako. Ma'aikatan gona da na gandun daji da na lafiya a can Tawa suna da ƴan takardun wayar da kai masu zane, wasu da Hausa, sau da yawa suna jibge a ofis. A roƙa, a ɗinke su da bango mai kauri. A intanet kuma African Storybook da StoryWeaver da Bloom na da littattafan da aka yarda kowa ya sauke, ya buga, ya fassara ba tare da biya ba, akwai na Hausa a ciki. Sai dai ki karanta fassarar da kanki kafin ki buga, wata tana da gyara. In makarantar na da kwamfuta ko da guda ce, manhajar Kiwix na ba da damar karanta Vikidia, kundin sani na yara da Faransanci, ba tare da intanet ba.

Abin da babu shi a kasuwa kuwa ku rubuta. Ƴan CM2 su je wurin maƙeri, majemi, mai haƙar rijiya, mai saƙar tabarma, su yi tambaya, su zana kayan aikin da sunayensu, malami ya gyara, a ɗinke shafi takwas. Waɗannan su ne littattafan da za ki ga sun fi saurin tsufa saboda yawan hannu.

Wajen saye, buɗe littafi ki duba tsakiyarsa: mai ɗinkin zare ya fi mai gam, domin zafin watan Afrilu na busar da gam, shafuka su zube. Sa wa kowanne rigar leda tun ranar farko. Kanta ta zama gajera daidai tsayin yaro, a janye ta daga bango, a ɗaga ta daga ƙasa saboda gara, a riƙa kaɗe ƙura lokacin hunturu. Tsarin jera littattafai na Dewey mai gida goma ya yi wa ɗaki ɗaya yawa. Launi ya isa, kore na tsiro da dabba, shuɗi na sama da ƙasa, ja na jiki, rawaya na tarihi. Wasu littattafan a jingine su bangonsu na kallon yara, a riƙa sauyawa duk mako, kuma malami ya karanta musu shafi biyu a bayyane kamar yadda ake yi da tatsuniya.

Da ni ce ke, jika ɗari biyu zan kashe yanzu, har da kuɗin leda da ɗinki da buga na intanet, in riƙe ɗari. Sai in ajiye kaye ɗaya a bakin ƙofa da biro ɗaure da zare, duk yaron da ke da tambaya ya rubuta da harshen da ya ga dama, wanda bai iya ba a rubuta masa. Za ki ga irin su me ya sa ruwan wata rijiya ke da gishiri, ina rana ke kwana, yaya murya ke shiga salula. Bayan wata uku ki haɗa kayen nan da rajistar aro, ki ga abin da aka fi tambaya da abin da aka fi ɗauka, ragowar kuɗin su tafi can. Wanda ake rububinsa a ƙaro na biyu da na uku.

In kin shiga shago kika yi shakkar wani littafi, ɗauki hoton bangonsa da shafin da ke da shekara da shafi ɗaya na tsakiya, ki turo mini in duba kafin ki biya. Ki gaida mini darakta da sauran malamai.